Na Haɗa Kwamfutar da Ka Rubuta, Abba

Zuwa ga ɗana na fari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan sallama irin ta addini, ina miƙo maka gaisuwar da ban taɓa tsayawa na yi maka ba kana raye, tare da fatan makwancinka ya fi ɗakinka na nan Unguwar Rimi yalwa da haske. Mu muna nan yadda ka bar mu. Ummanku tana fama da hawan jininta, ƙanwarka Hafsa ta shiga aji biyar na sakandare, damina ta yi nisa, rufin baranda kuma har yanzu yana yoyo a wurin da ka sani.

Shekara talatin da biyu na yi ina rubuta wasiƙu a ma'aikata, kusan dukkansu da “Ranka ya daɗe” suke farawa. Wannan ce ta farko da zan rubuta wa wanda ba zai amsa ba. Hafsa ta ce za ta sa ta a shafinta na intanet mutane su karanta, na ce ta sa, ɓoyon ya ishe ni haka.

Abu ɗaya ne ya sa na ɗauki biro. Akwai haƙƙinka a kaina, kuma ka tafi ban nemi ka yafe mini ba, domin a lokacin ban ma san na ɗauka ba. Maganar kwamfutar nan ce.

Ka san irin gidan da na fito a Zazzau. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Kai kuma abin ya haɗe maka biyu, ga ka ɗan fari, ga sunan mahaifina aka sa maka, shi ya sa kowa ke ce maka Abba. Ni ko Abban ma da ƙyar yake fita a bakina, sai dai in ce wa Ummanku, “Yaron nan ya sha magani?” Abokan aikina da yawa sun watsar da wannan al'ada, ina ganinsu suna ɗaukar 'ya'yansu a gaban mota suna hira, ni kuwa ina ganin tarbiyya ce suka zubar. Shekararka ashirin da ɗaya a duniya, ban tuna ranar da ni da kai muka yi hirar da ta kai minti goma ba.

Sikila ta kama ka tun kana rarrafe. Na biya kuɗin asibiti, na nemo jini, na yi layin magani, ban taɓa gajiya ba, kuma ina ɗauka iyakar uba ke nan. Da ƙugunka ya lalace kana aji biyu a jami'a, likita ya ce sai sanda, sai zaman gida. Karatu ya tsaya. Abokan unguwa suka zo sau biyu, sau uku, daga nan kowa ya kama gabansa, kuma ban ga laifinsu ba.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne kana da wasu abokan. A shagon gem na Kinkinau, wurin wasan kwamfuta, inda kake zuwa a keke mai ƙafa uku duk ranar da ka ji sauƙi, ka haɗu ta intanet da samari uku da ba ka taɓa ganinsu ido da ido ba, ɗaya a Jos, ɗaya a Fatakwal, ɗaya a Sakkwato. Ku huɗu kuke shiga wasan a matsayin ƙungiya ɗaya, kowa da hedifon a kunne, kuna magana kuna ihu. Su ba su san da sanda ba, ba su san idonka yana yin rawaya ba. Da ƙugun ya hana ka fita, su kaɗai suka rage maka, kuma ba ka da hanyar zuwa wurinsu sai da kwamfuta a gida.

Wata safiya takardarka ta zo mini a kan tiren shayi, a ƙarƙashin kofi, kamar yadda duk saƙonka yake zuwa. Ummanku ta ce, “Yaronka ne ya rubuta, wai kayan kwamfuta yake so, amma ya ce kada a matsa maka.” Na buɗe ina kurɓar shayi. Jerin sunaye ne na Turanci da lambobi, ka kewaye uku da jan biro: furosesa, ram, da katin girafik. A gefen katin ka rubuta kalma biyu da suka ɓata mini rai: na hannu.

Kai ka san ubanka jami'in sito ne. Dokata uku ce tun ina ƙaramin ma'aikaci har na yi ritaya: sabo, a kwali, da rasit. Na ga mutanen da kayan hannu suka kai su gaban kwamitin bincike, ni kuwa na fita daga aiki ba a taɓa neman ko allura a hannuna ba, kuma ina taƙama da hakan fiye da kima. Sai ga ɗana yana neman abin da wani ya gama morewa, kuma wai a sayo kwamfuta gutsi-gutsi kamar kayan miya. Na ce a raina, yaron nan tausayina yake ji, bai san garatutina ya fito ba. Na yi niyyar in ba ka mamaki.

Ɗakinka taku goma ne daga inda nake zaune. Ban tashi na tambaye ka ba.

Na tafi shagon da ma'aikatarmu ta saba sayen kaya a cikin gari. A ofis da lambar furosesa muke auna kwamfuta, wadda lambarta ta fi girma ita ake kai wa darakta. Don haka na ce a ba ni mai furosesa mafi girma. Mai shagon, Allah Ya saka masa, har ya tambaye ni, “Alhaji, wane irin aiki za a yi da ita?” Na ce masa aikin kwamfuta mana, akwai wani aikin ne? Ya rubuta rasit. Na biya fiye da abin da ka nema, na fito ina jin kaina kamar wanda ya gina masallaci.

Ina tuna lokacin da na buɗe but ɗin mota a tsakar gida. Ka fito bakin ƙofa kana dogara sanda, ka tsaya kana karanta rubutun da ke gefen kwalin. Ka daɗe kana karantawa. Sannan ka rusuna iya yadda ƙugunka ya bar ka, ka ce, “Allah Ya ƙara buɗi, Baba. Allah Ya saka da alheri.” Na ce “to,” na wuce ciki. Shirun da ka yi, na ɗauka murna ce ta hana ka magana.

Wata bakwai ina wucewa ta ƙofarka in hango sikirin a kunne, hedifon a kanka, bakinka yana motsi, in ji daɗi. Har a majalisar ƙofar masallaci na ba da labari, cewa na saya wa yaron gidana irin kwamfutar da ko babban sakatare bai da ita.

Sai ciwon ya tashi cikin zafin bazara, irin tashin da bai taɓa yi ba. Ranar Talata da hantsi na tsaya a ƙarshen gadonka na asibiti, Ummanku tana riƙe da hannunka. Ka dube ni, na dube ka. Na ce, “Sannu.” Daga nan na fita neman wata allura da aka rubuta, domin tsayuwa a wurin ta fi ƙarfina, kuma sayo magani shi ne abin da na iya. Kafin in dawo an ja labule. Kalmar ƙarshe da ka ji daga bakin ubanka ke nan, irin wadda ake ce wa baƙo a hanya.

Bayan an watse daga zaman makoki da 'yan watanni, na ga Hafsa ta daina fitowa falo, ta rame, ba ta magana. Na yi tunanin in faranta mata, na ce ta riƙa shiga ɗakinka tana buga gem ɗin nan a kwamfutarka, ko ta samu sauƙin zuciya. Ta ɗago ta dube ni, irin kallon da yarinya ba ta yi wa uba. Ta ce, “Baba, ai ba ta ja. Ko sau ɗaya Yaya bai buga gem a kanta ba.”

Ita ta yi mini bayani, tana kuka tana haɗiyewa. Wasan yana buɗewa, amma hoton sai ya riƙa tsalle yana maƙalewa, mutumin cikin wasan ya ɗaga ƙafa ya tsaya a sama, kafin ya sauke an riga an kashe shi. Ka gwada duk dabarar da ka sani, ka rage komai har hoton ya koma kamar zanen gawayi, ta ƙi. Abin da nake gani ta ƙofa, shiga kawai kake yi ɗakin hirarsu kana sauraron abokanka suna wasa, kana sa musu baki. Kuma ka sa ta ta rantse. “Kada ki kuskura ki gaya wa Baba, garatutinsa ne.”

Na shiga ɗaki na jawo fayil ɗin gida, domin ni ba na yar da takarda. Takardarka tana nan, an huda ta an ɗaure, rasit ɗin kwamfutar a manne a gabanta. A kusurwar sama ga rubutuna da koren biro, kamar yadda na saba yi a ofis: An aiwatar.

Da na zare ta daga fayil ɗin ne na ga akwai rubutu a bayanta. Shafi guda cur, da ƙananan haruffanka masu karkata. Ni da nake koya wa ƙananan ma'aikata cewa ba a sa hannu a takarda sai an duba gaba da baya, ban juya taka ba.

Na haddace shi yanzu kamar karatun allo. Ka ce: “Baba, na san sunayen nan ba za su yi maka ma'ana ba, bari in kwatanta da ofishinku. Furosesa shi ne darakta, shi ke ba da umarni. Ram shi ne teburin da ake baje fayil. Katin girafik kuma su ne ma'aikata, su ke zana duk hoton da ke motsi a gem. In aka kashe kuɗin duka a kan darakta, za a samu ofis mai babban oga ba mai aiki. Shi ya sa na zaɓi matsakaicin darakta da tebur daidai, na bar kaso mafi tsoka ga ma'aikata.”

Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, dariyar da ta ƙare da abin da ba na son rubutawa. Ashe kana da barkwanci. Ashe duk ƙorafin ofis da nake yi wa Ummanku a kan tabarma kana ji daga ɗaki, kana ajiyewa. Ofis mai babban oga ba mai aiki, shi na saya maka, da rasit da garanti.

A ƙasa ka yi bayanin kowane abu ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma layi biyu na ƙarshe, waɗanda da na karanta su sai na kife takardar, na yi kwana uku ban sake taɓa ta ba. Zan zo kansu.

Na san ihu ne bayan hari. Ummanku ma ta faɗa mini, cikin taushi, cewa wanda ake yi dominsa ba ya nan. Amma na kasa zama. Magana ɗaya ka taɓa yi mini mai tsawo a rayuwarka, a rubuce, kuma ban saurara ba. Na ce ko da a makare ne sai na bi ta layi-layi, yadda ka faɗa, ba yadda na ga dama ba.

Hafsa ce ta raka ni wurin Malam Isiyaku, mai gyaran kwamfuta a Unguwar Shanu, wanda ka rubuta sunansa a gefen takardar. Mutumin Zamfara ne mai furfura a gemu, da gyaran rediyo ya fara, shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Ya sa tabarau ya karanta gaba da baya, ya jinjina kai ya ce, “Alhaji, wanda yar rubuta wagga takarda ya san abin da shikai. Ko ni ba ni ƙara mata komi.” Sai ya tambaya ina mai takardar, me ya sa bai zo da kansa ba. Hafsa ce ta amsa masa.

Da farko na so in yi wayo. Na zo da kwamfutar da na saya maka a but, na ce a sa mata katin kawai a huta. Ya kwance ta ya nuna mini cikinta. “Wagga ai ta ofis ta, Alhaji. Cikinta ya matse, kati ba ya shiga, ko ya shiga wutarta ba ta iya ɗauka tai.” A nan na gane abin da ka tsaya karantawa a gefen kwalin ran nan. Tun kafin a yanke selotef ka san ba za ta yi ba, kuma ka san ba ta gyaruwa, sannan ka rusuna ka yi mini godiya.

Muka fara da furosesa. Ya ajiye guda biyu a kan tebur. Ɗaya shi ne naka, wanda ya kwana biyu da fitowa, mai iya riƙe aiki shida a lokaci guda, kwalinsa har ya ɗan koɗe. Ɗayan sabon yayi ne, lambarsa ta fi girma, kwalinsa yana ƙyalli. Wallahi, Abba, da takardarka a hannun hagu, sai na ga hannuna na dama ya nufi mai ƙyallin. Sabo turken wawa. Hafsa ta ce a hankali, “Baba, abin da Yaya ya rubuta.” Na janye hannuna, kunya ta rufe ni a gaban mutumin da ban taɓa gani ba.

A kan ram ma sai da na yi gardama. Ka rubuta guda biyu masu gig takwas-takwas. Na ce takwas da takwas ai sha shida ne, a ba ni guda ɗaya mai sha shida, abu ɗaya ya fi sauƙin ajiya. Malam Isiyaku ya juya takardar ya ɗora yatsa a kan amsarka, kamar ka san zan faɗi haka: “Biyu, Baba, ba ɗaya ba. Titi mai hannu biyu ya fi mai hannu ɗaya saurin wucewa, ko da motocin daidai suke.” Aka naɗe mini biyu.

Katin ne ya fi ba ni wahala. Ya ciro shi daga ƙarƙashin tebur a cikin leda, ba kwali, ba rasit, ga ƙura a jikin fankokinsa. Duk abin da na tsaya a kai shekara talatin da biyu ya ce mini in tashi in tafi. Amma ka rubuta cewa sabon kati mai irin wannan ƙarfi ya fi ƙarfin aljihunmu, kuma na hannu ba laifi ba ne in an gwada. Ka ce a kunna shi da aiki mai nauyi awa guda cur a gaban mai saye, a duba fanka tana juyawa ba ƙara, a duba sikirin ba ɗigo ba layi, a lura da zafinsa.

Na zauna a kan benci ina kallon fanka tana juyawa, ruwan sama yana dukan kwanon shagon, kwata tana ambaliya a bakin ƙofa. Minti ashirin da farawa sai ga koren ɗigo-ɗigo sun cika sikirin. Malam Isiyaku ya kashe, ya zare shi ya ajiye gefe, ya ɗauko wani. Muka sake sabon zama. Wannan ya cika awarsa lafiya, na kai bayan hannuna kusa da shi na ji ɗuminsa daidai yadda ka kwatanta. Rasit bai taɓa gaya mini gaskiyar kaya kamar yadda awa gudan nan ta gaya mini ba.

Akwai wani katin da ya fi shi ƙarfi, kuɗinsu kusan ɗaya, na tambaya me ya sa ba shi ka zaɓa ba. Amsar ma tana takardar. Wancan yana shan wuta da yawa, in an ɗauke wuta ƙaramin janaretanmu ba zai ɗauke shi tare da firij ba, “kuma ba na so a riƙa kashe firij ɗin Umma saboda ni.” Kana kwance da ciwon da ke sa babban mutum kuka, kana lissafin ƙanƙarar zoɓon uwarka.

Sauran kayan ba su ba mu wahala ba: babban allon da ake dasa komai a kai, wanda suke kira bod, da akwatin wuta, da ma'ajiyar bayanai, da gidan kwamfutar mai faɗi mai fanka gaba da baya saboda zafin Kaduna. Waccan ta ofis ɗin na kai ta Islamiyyar unguwa, suna buga takardun jarrabawa da ita, na ce Allah Ya kai ladan gare ka. A can ta samu aikin da aka yi ta dominsa.

Malam Isiyaku ya ce in bar masa kayan zuwa la'asar ya haɗa mini kyauta. Na gode masa na ce a'a, saboda layi biyun nan na ƙarshe. Ga su: “Idan an sayo, don Allah kada a ba mai gyara ya haɗa. Ina so mu haɗa ni da kai, ni ina faɗa maka inda kowanne yake shiga, kai kana ɗaurawa, tunda hannuna ba ya jure murɗa noti.”

Ashe ba tsada kawai ta sa ka ce a sayo gutsi-gutsi ba. Hanya ka nema, wadda ba za ta karya al'adar gidanmu ba, da za ta sa ubanka ya shigo ɗakinka ya zauna yini guda. Ka gayyace ni cikin ladabi a bayan takarda, ni kuma na huda ta na sa a fayil.

Ranar Asabar da safe muka baje kayan a kan gadonka, ni da Hafsa. Sandarka tana jingine inda ka bar ta, Ummanku ta hana a taɓa. Hafsa tana karanto bayaninka, tana duba waya inda ya ɓace mata, ni ina riƙe da sukundireba. Furosesan nan da na ɗauka wani babban abu ne, bai fi akwatin ashana faɗi ba. Noti ɗaya ya faɗa ƙarƙashin gado, na durƙusa da rarrafe ina nema, a nan na tarar da silifas ɗinka ƙafa ɗaya. Na daɗe a durƙushe kafin in taso.

Wajen azahar muka gama. Na yi bismilla na danna. Fankoki suka juya, sikirin ya tsaya baƙi ƙirin. Na ce shi ke nan, na sake ɓata maka abu. Hafsa ta leƙa ciki ta ce ram ɗin ne ban zaunar da su ba, na ji tsoron kada su karye na danna su a hankali. “Baba, danna da ƙarfi, Yaya ya ce sai an ji ƙas.” Na danna, na ji ƙas, na danna na biyun. Da muka sake kunnawa sai rubutu ya fito.

Sai bayan la'asar Hafsa ta gama sauke wasan. Ta san lambar sirrinka, domin ita ke buga maka in yatsunka sun kumbura. Na tsaya a bayanta ina kallo. A sikirin wani mutum yana gudu a cikin ciyawa, ciyawar tana kaɗawa, inuwarsa tana binsa, ba tsalle ba maƙalewa. Lissafinka ya fita daidai, da furosesa mai koɗaɗɗen kwali da kati na cikin leda. Wannan ne abin da ka yi wata bakwai kana jira ka gani a ɗakin nan.

Sannan saƙonni suka fara shigowa. Wayarka tun ranar rasuwa Ummanku ta kashe ta ta sa a akwati, su kuma abokanka ba su san gidanmu ba, ba su san kowa naka ba. Mafi yawa daga Bulus ne, na Jos ɗin. “Bash, yaya netwok ɗin naka, har yanzu?” “Bash, ina ka shige ne? Mun ajiye maka wurinka fa.” Na tambayi Hafsa wane netwok. Ta ce abin da ka gaya musu ke nan, wai unguwarku ce ba ta da netwok mai kyau, shi ya sa ba ka iya shiga wasan.

Ta gangara can baya, zuwa makon da na kawo kwalin. Ka tura musu hotonsa. Bulus ya amsa: “Kai, ka gaishe da Babanka! Sabuwa fil a kwali? Mu namu ko maus ba su saya mana.” Kai kuma ka ce: “Babana ba ya magana da yawa, amma ba ya wasa da ni.”

Ka rufa mini asiri a gaban mutanen da ba su ma san ni ba. Ni na yi maka kara irin ta uba da ɗan fari, kai ka yi mini kara irin ta ɗa mai kunya, muka zauna gida ɗaya kowa yana kare kowa, har aka ɗauke ka ba mu ce wa juna komai ba. Ina baƙin cikin wannan fiye da yadda zan iya rubutawa.

Muna cikin haka sai wani ɗan koren haske ya kama a gefen sunan Bulus. Ya ga an shigo da sunanka. Nan take saƙo ya faɗo: “Kai! Bash! Ka dawo? Netwok ya gyaru?”

Hafsa ta tashi daga kujerar ta fita da gudu. Ya rage ni kaɗai. Na zauna a kujerarka, matashin da kake sa wa ƙugunka har yanzu da lotsawarsa. Da yatsa ɗaya na rubuta, ina neman haruffa ɗaya-ɗaya, ina faɗa a fili kamar yadda nake yi in ina buga takarda: “Ba shi ba ne. Ni ne mahaifin Bashir. Allah Ya yi masa rasuwa wata biyar da suka wuce. Kuma ba netwok ba ne, ni ne na sayo masa wadda ba ta dace ba, ban tambaye shi ba.”

Da na ɗago sai na ga Ummanku a bakin ƙofa, ta toshe baki da gefen mayafi. Shekara ashirin da ɗaya ba ta taɓa jin sunan nan daga bakina ba.

Yaron ya yi mini ta'aziyya da Hausarsa ta Jos, ya ce ko ba ka bugawa, muryarka ce ke haɗa su, kuma tun da ka ɓace ba su sa kowa a wurinka ba. Ya tambaya ko za su iya zuwa Kaduna su ga inda aka sa ka. Na ba shi kwatancen gida.

Kwamfutar tana nan a kan teburinka, na sa mata mayafi saboda ƙura. Hafsa takan kunna ta ranar Asabar, ni kuma in jawo kujera in zauna a gefenta, in yi ta tambayar da ba ta da kan gado, ita tana amsawa. Ba na gane wasan, kuma ba na jin daɗinsa. Duk lokacin da fankar nan ta fara juyawa, abin da nake ji shi ne a nan ya kamata in zauna bara.

Ya Allah, Ka jiƙan wannan bawa naKa da ya sha ciwo bai yi ƙorafi ba. Ka sa wahalar da ya sha ta zama kaffara, Ka ba shi jikin da ba ya ciwo da ƙafar da ba ta buƙatar sanda. Ka ba uwarsa haƙuri, Ka raya ƙanwarsa. Ni kuma Ka gafarta mini girman kaina, Ka haɗa ni da shi a inda zan samu yinin da ya nema.

Na karanta takardarka gaba da baya, ɗana, na yi duk yadda ka ce. Ka yafe mini, Bashir.

Mahaifinka,
daga ɗakinka, Unguwar Rimi, Kaduna.